Tambaya da Amsa: Farin akwati a bayan logo, layi a gefen hoto, da sauran rigimar alfa a gyaran gem

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa na masu gyaran gem ne, masu canza riga da logo da mota da sulke a cikin wasa, kuma da na zauna na karanta su sai naga ciwo ɗaya ne yake damun kusan kowa, kawai dai kowa da yadda ya kwatanta nasa. Sunan ciwon nan alfa. Toh bismillah.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah inaso in saka logon Kano Pillars a Dream League Soccer ɗina, na sauke hoton a Google na mayar dashi 512x512 yadda akace, amma duk sanda na saka sai ya fito da wani farin akwati a bayansa. Abokina ya turo min nasa ta WhatsApp shima haka yayi. Meye matsalar?
Wani mai karatu daga Kurna, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, sai masu gida. Girman hoton naka daidai ne, matsalar ita ce hoton bashi da alfa kwata-kwata. Kaga kowane ɗigo na hoto, wato fiksel, lambobi uku ne suke riƙe da launinsa, ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. To akwai lamba ta huɗu da wasu irin hotuna suke ɗauka, ita ce alfa, ita ba ruwanta da launi, aikinta ta faɗa wa gem ɗin nawa za a nuna na wannan ɗigon. In 0 ce ba za a ganshi ba sam, in 255 ce ya rufe abinda ke bayansa ruf, in kuma tsakani ce sai ya fito shara-shara ana hango baya ta cikinsa. Ka taɓa tsayawa wajen masu buga lamba a bayan jesi? Takardar nan da suke yankewa su ɗora akan riga kafin su shafa fenti, inda aka yanke fenti ya wuce, inda ba a yanke ba ya tsaya, to alfa ita ce wannan takardar, launukan kuma su ne fentin. Alfar kamar wani hoto ne na daban mai zaman kansa, baƙi da fari, yana kwance tare da wanda kake gani.

JPG bashi da wajen ajiye wannan lamba ta huɗu, haka aka ƙera shi, PNG ne yake da ita. Kuma canza sunan fayil daga .jpg zuwa .png ba ya haifar da komai, sunan kawai ka canza. Yawancin hotunan da zaka gani a Google da 'yan murabba'ai fari da ruwan toka a bayansu ma na bogi ne, an zana murabba'an ne a jikin hoton. Na abokinka kuwa ina kyautata zaton lafiyarsa ƙalau a wayarsa, WhatsApp ne ya matse shi ya mayar dashi JPG a hanya tunda a matsayin hoto ya turo. Kace ya sake turowa a matsayin dokumen, zai iso yadda yake. In kuma kai zaka yanke da kanka, ka cire bayan da Background Eraser ko ibisPaint X ko Photopea da ake buɗewa a burauza, wajen sebin ka tabbatar PNG ka zaɓa mai bayan da babu komai. Kafin ka kai shi cikin gem ka ɗora shi akan jan bango a PixelLab, in ja ya zagaye logon ta ko'ina shikenan ka gama.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Ni PES, gem ɗin ƙwallo, nake gyarawa a PPSSPP, manhajar buga wasannin PSP a waya ko kwamfuta, ina canza tambarin kulob da allon maki. Bayan hoton yana fita lafiya babu akwati, amma sai wani siririn farin layi ya zagaye gefen tambarin, wani lokacin kuma baƙi, alhali a cikin manhajar editin ban ganin komai. Na goge na sake gogewa har tambarin ya fara cinyewa.
Mai gyaran waya a Farm Centre, Kano

AMSA: Ɗan'uwa ka ajiye magogin nan haka, ba zai maka magani ba, kuma wannan tambaya taka ita tafi kowacce muhimmanci a yau don haka zan ɗan daɗe a kanta.

Abu biyu ne suke kawo layin nan. Na farko mai sauƙi ne: tambarin asalinsa akan farin bango aka zana shi, ɗigogin bakin gefe sun riga sun gauraya da fari don gefen yayi sumul, da ka cire bangon sai su suka rage. Wannan a GIMP, manhajar editin hoto ta kwamfuta, ka zaɓi tambarin, ka shiga Select ka danna Shrink ka rage fiksel 1, ka juya zaɓin ka share. Akwai kuma Color to Alpha a ƙarƙashin Colors wanda yake zare farin daga cikin ɗigogin da kyau sosai, amma ka kula, in ka sake shi akan hoton gaba ɗaya har farin da ke cikin tambarin zai cinye, sai ka killace gefen kawai kafin ka danna.

Na biyun shi ne wanda yake rikita mutane, kuma daga bayaninka ina ganin shi ne naka. Inda ka goge ɗin nan, launin bai tafi ko'ina ba. Magogi a GIMP alfa kawai yake mayarwa 0, ja da kore da shuɗin suna nan kwance a ƙasa, shi yasa ma in ka riƙe Alt kana gogewa sai abinda ka goge ya dawo. Wasu manhajojin kuma wajen sebin sai su cike wajen da fari ko baƙi tunda a ganinsu ai ba mai gani. To gem yana gani. Gem ba ya nuna hotonka ɗigo bisa ɗigo yadda ka zana, kullum cikin ƙara masa girma ko rage shi yake, kuma yayin hakan yana haɗa ɗigogin da ke maƙwabtaka ya fitar da matsakaici. Ka ɗauka a bakin tambarin akwai koren ɗigo mai alfa 255, kusa dashi akwai ɓoyayyen farin ɗigo mai alfa 0. Gem ya haɗa su biyun, alfa ta zama wajen 128, launi kuma ya zama rabi kore rabi fari, kaga an samu ɗigo mai haske wanda ake gani rabi-rabi, a jera irinsa a zagaye tambarin ga farin layinka nan. In ɓoyayyen launin baƙi ne sai layin ya fito baƙi. Ko ka goge har tsakiyar tambarin layin zai bi ka, don duk inda sabon gefe ya tsaya farin yana nan maƙale dashi.

Maganin shi ne ka buɗe ɓoyayyen wajen ka gani da idonka. A GIMP ka danna dama akan leyar, Add Layer Mask, ka zaɓi Transfer layer's alpha channel. Yanzu alfar ta koma gefe ita kaɗai a matsayin hoto baƙi da fari, shi ne ake kira mas. Ka danna Disable Layer Mask, nan take zaka ga duk abinda ke ɓoye, wani lokacin har tsohon bangon da ka ɗauka ka rabu dashi tuni. Sai ka ɗauki launin bakin tambarin ka shafe kewayensa dashi, ka faɗaɗa shi waje kamar fiksel 8 ko fiye, ba sai yayi kyau ba tunda ba za a ganshi ba, buƙatar kawai duk ɗigon da ke kusa da kore ya zama kore, na kusa da ɗorawa ya zama ɗorawa. Ka sake kunna mas ɗin, ka danna Apply Layer Mask, ka tabbatar leya ɗaya ce tak a fayil ɗin, sannan wajen fitar da PNG ka saka alama a Save color values from transparent pixels. In ka manta wannan alamar duk aikin da kayi ya tafi a banza.

Sannan tunda PPSSPP ne, kar ka taɓa sunan fayil ɗin da ya fitar maka a foldar new ta cikin PSP/TEXTURES lokacin da ka kunna Save new textures, wannan dogon sunan na lambobi da haruffa dashi yake gane wane hoto zai maye gurbin wane.

TAMBAYA: Malam ina yini. Ina ƙoƙarin saka adaidaita sahu a GTA San Andreas na kwamfuta, na samu mod ɗin wani keke na sake masa fenti ruwan ɗorawa. Wajen sebin a Magic.TXD, manhajar buɗe hotunan gem ɗin, sai naga DXT1, DXT3, DXT5 ban san wanne zan ɗauka ba. Kuma gilashin gaba ya ƙi yin shara-shara duk da na rage alfarsa, sannan ragar da na saka a gefe in na matsa nesa sai ta ɓace.
Ɗalibi daga Samaru, Zariya

AMSA: Lafiya lau ɗalibi, Allah ya bada sa'a, kuma gaskiya naji daɗin wannan aikin, gem ɗin da ya fito tun 2004 ace yau ga adaidaita tana yawo a titin Los Santos.

Waɗannan DXT ɗin hanyoyin matse hoto ne don katin hoto ya karanta shi kai tsaye ba tare da ya cinye memori ba. Dukkansu suna yanka hoton gida-gida, kowane gida fiksel 4 a tsaye 4 a kwance, shi yasa ake son girman hoto ya zama mai rabuwa da 4, irin 256, 512, 1024. Wajen launi kusan abu ɗaya suke yi, a alfa ne suka rabu. DXT1 alfarsa eh ko a'a ce, ko ana ganin ɗigo ko ba a gani, babu tsakani, kuma ɗigon da ya ɓoye baƙi yake mayar dashi, don haka shi kansa yana iya jawo baƙin layin da muka yi magana a sama. DXT3 yana ba kowane ɗigo mataki 16 na alfa, ya dace da abu mai kaifin gefe irin rubutu da sitika, amma a hayaƙi ko inuwa mai dusashewa a hankali zaka ga tana hawa tsani-tsani. DXT5 kuma a kowane gida yana ajiye alfa biyu ya lissafa na tsakaninsu, mataki 8 a gida ɗaya, shi yafi kyau a abu mai dusashewa. Wajen nauyi, hoto mai 1024x1024 in ba a matse ba MB 4 ne, a DXT1 ya koma KB 512, a DXT3 ko DXT5 kuma MB 1. Kaga saka DXT5 a jikin keken da ba ya buƙatar alfa asarar memori ce ninki biyu, a tsohon gem irin wannan kuwa in ka tara manyan hotuna da yawa zaka fara ganin titi da gine-gine suna ɓacewa.

Shawarata wadda ban canzawa: ka buɗe fayil ɗin asali ka duba da me masu gem ɗin suka yi sebin, ka bi sahunsu. San Andreas na kwamfuta DXT1 da DXT3 zaka tarar a ciki, jikin keke DXT1, sitika da raga DXT3. Kuma ka ajiye aikinka na asali a XCF ko PNG, sai ka gama duka ka matse sau ɗaya, don duk buɗewa da sake matsewa ƙara lalata hoton yake.

Gilashi kuma ba laifin hotonka bane. A motocin San Andreas shara-sharan gilashi yawanci daga fayil ɗin DFF yake zuwa, wato ƙirar motar kanta, akwai alfa a launin da aka ba wannan ɓangaren. Sai ka buɗe DFF ɗin a ZModeler ko a Blender da DragonFF ka rage ta a can. Wannan abu ne da ya kamata duk mai mod ya riƙe, hoto yana iya ɗauke da alfa mai kyau amma in ba a gaya wa injin gem ɗin ya duba ta a wannan wajen ba, ko kallonta ba zai yi ba.

Ragar da take ɓacewa daga nesa, ƙananan kwafin hoton ne suka jawo, waɗanda ake kira mipmap. Hoto mai 512 ana ajiye masa na 256, da 128, har ƙasa, gem yana ɗauko ƙaramin in abu yayi nisa. Wayar raga siririya ce, in aka rage hoton sai alfarta ta gauraya da 0 ɗin da ke kewaye ta faɗi ƙasa da iyakar da gem ya saka, sai ya yar da ɗigon. Ka ƙara wa wayoyin kauri kaɗan a alfa. Masu fitar da DDS (irin fayil ɗin hoton gem mai ɗaukar DXT) ta GIMP kuma, wanda tun 2.10.10 yake zuwa da DDS a cikinsa, akwai Preserve alpha test coverage a wajen sebin, don wannan matsalar aka yi shi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Na canza launin wani sulke a Skyrim, da na shiga gem sai naga komai yana sheƙi har ƙyallen da fatar da ke jiki. Fayil biyu na taɓa, har da mai _n a ƙarshen sunansa, shi wannan da na buɗe naga kusan ba a ganin komai sai na cike shi.
Wata mai karatu daga Maraɗi

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, a gaida mutanen Maraɗi. Cikewar nan da kika yi ita ce ta kawo sheƙin. Alfa ba kullum take nufin a gani ko kar a gani ba, fili ne na huɗu kawai da ke ɗaukar lamba 0 zuwa 255, masu ƙera gem suna zuba duk abinda suka ga dama a ciki. A Skyrim fayil mai _n shi ke nuna tudu da kwarin jikin abu, alfarsa kuma ita ke faɗin ƙarfin sheƙi, fari sheƙi sosai, baƙi babu. GIMP bai san da wannan ba, shi duk alfar da ya gani ɓoye hoto yake da ita, shi yasa kika ga fayil ɗin kamar babu komai alhali lafiyarsa lau. Da kika cike sai ko'ina ya zama 255. Haka ma zai faru in kika yi sebin ɗinsa a DXT1 mara alfa.

Ki dawo da na asali, in launi kawai kike son canzawa ba sai kin taɓa mai _n ba ma. In kuma kina son ki gyara sheƙin da gangan, ki shiga Colors, Components, Decompose ki zaɓi RGBA, zai raba miki hoton gida huɗu, ki yi fenti akan na alfa, ƙarfe ki bashi haske, ƙyalle ki bashi duhu, sannan Recompose. Ki yi sebin a DXT5, ko BC7 in Special Edition na 2016 kike bugawa, na 2011 ba ya karanta BC7. Ranar da kika so wani yanki na rigar ya ɓace ko yayi shara-shara kuwa, sai kin buɗe fayil ɗin NIF, wato ƙirar sulken kansa, a NifSkope kin tabbatar akwai NiAlphaProperty a wannan ɓangaren, labarin gilashin ɗalibin Samaru ne ya sake dawowa.

TAMBAYA: Oga tunda ana iya sa abu yayi shara-shara, ba yadda za a yi in sa bango da ciyawa su ɓace a Free Fire ko PUBG Mobile in dinga hango mutane?
Wani matashi daga Bauchi

AMSA: Ƙanena wannan kam ba zan koya maka ba. Wanda ke ɗaya ɓangaren mutum ne kamarka, ya sayi data da kuɗinsa ya zauna yana buga wasa tsakani da Allah, kai kuma kana hangensa ta cikin bango, cuta ce. Kamfanonin nan biyu suna rufe akawun ɗin wanda suka kama ya taɓa fayilolin gem, duk abinda ka tara ya tafi, kuma fayilolin da ake rabawa da sunan wannan aikin ba ka san me aka cusa a cikinsu ba kafin su shiga wayarka. In hannunka yana ƙaiƙayin gyara ga San Andreas nan ga PES na PPSSPP, ka yi duk yadda kake so ba wanda ka zalunta, kuma abinda zaka koya a nan shi ne dai masu zanen gem suke ci da shi. Ita kanta alfar mutum biyu ne suka ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1970 a wata cibiyar fasaha ta New York, Ed Catmull da Alvy Ray Smith, waɗanda daga baya suna cikin waɗanda suka kafa Pixar, don su samu hanyar ɗora hoto akan hoto.

TAMBAYA: Malam na fitar da hotunan wani gem na PS2 ta PCSX2, manhajar buga wasannin PS2 a kwamfuta, don in gyara rigunan 'yan wasa, amma duk hotunan sun fito dishi-dishi rabi ana gani rabi ba a gani. Sun lalace ne?
Mai shagon gem daga Gusau

AMSA: Basu lalace ba Alhaji, haka PS2 take lissafinta. A wajenta 128 ita ce cikakkiyar alfa, ba 255 ba, to manhajar editin da ta ga 128 sai ta ɗauka rabi ne. Kar ka ɗaga ta zuwa 255 don hoton yayi maka kyau a ido, a wasu wasannin hakan yana sa abu yayi haske fiye da kima ko inuwa da hayaƙi su rikice. Ka yi Decompose ɗin nan da na gaya wa 'yar'uwarmu ta Maraɗi, ko ka mayar da alfar mas ka kashe ta na ɗan lokaci, ka yi gyaranka akan launi kana ganin komai sarai, in ka gama ka mayar da alfar asali yadda ka same ta. In ka ƙara wa hoton girma, misali daga 256 zuwa 1024, ita ma alfar ka ƙara mata daidai wannan girman, sannan ka ɗora Color Picker a tsakiyar rigar ka duba, lambar A ta nuna 128 ko kashi 50, in ta nuna haka sai ka kwafa fayil ɗin zuwa foldar replacements da sunansa na asali ka kunna Load Textures.